Mako Takwas a Ajin Halarto da Hankali: Abin da Na Biya da Abin da Na Samu

Ni ma'aikaciyar jinya ce a wani asibiti da ke arewacin Ingila, kuma aikin dare na fi yi, daga ƙarfe 7 da rabi na yamma zuwa 8 na safe. A shekarata ta uku a wannan aiki ne barci ya fara gagara ta. Nakan dawo gida da safe jikina a mace, in kwanta, amma ƙwaƙwalwata ta ƙi tsayawa, tana ta bitar magungunan da na raba, tana tambayata ko na rubuta duk abin da ya kamata in rubuta, tana maimaita mini wata baƙar magana da ɗan'uwan wani majinyaci ya yaɓa mini. Muƙamuƙina kullum a ɗaure yake. 'Ya'yana biyu suka fara yin tsit idan na shigo falo, wannan kuwa shi ya fi komai tayar mini da hankali. Wata abokiyar aikina ce ta ba ni labarin wani kwas na mako takwas da ake yi a wata cibiyar unguwa, inda ake tara mutane a koya musu yadda za su riƙa halarto da hankalinsu ga abin da ke faruwa a yanzu domin su rage nauyin damuwa. Na fara a tsakiyar Oktoba, na gama a farkon Disamba, yau kuma wata shida ke nan da gamawa, don haka ina ganin zumuɗin sabon shiga ya kwanta, zan iya faɗin abin da na gani tsakanina da Allah.

Tsarin da aka bi da mu ba malamarmu ce ta ƙirƙiro shi ba. Sunansa MBSR, wato rage damuwa ta hanyar halarto da hankali, kuma wani masanin kimiyyar halittu Ba'amurke, Jon Kabat-Zinn, shi ya kafa shi a shekarar 1979 a asibitin koyarwa na Jami'ar Massachusetts da ke garin Worcester, domin majinyatan da ke fama da ciwo mai daɗewa wanda likitoci suka yi iyakar ƙoƙarinsu a kai. Fasalinsa da aka saba bi shi ne: zama ɗaya a mako na awa biyu da rabi, yini guda cikakke na shiru bayan mako na shida, da kuma aikin gida na minti 45 a kullum, kwana shida a mako. Cibiyar da na je ta bi wannan fasali sau da ƙafa. Kuɗin da na biya ya kai kusan abin da nake samu a aikin dare biyu, sai dai sun yarda na biya shi kashi uku, kuma suna rage wa marasa aikin yi.

Abu na farko da ya burge ni ya faru ne tun kafin a buɗe aji. Malamar ta kira ni a waya, muka yi kusan rabin awa tana yi mini tambayoyi: ko an yi mini rasuwa kwanan nan, ko ina shan maganin ciwon damuwa, ko wani mummunan abu ya taɓa samuna wanda har yanzu yake dawo mini, ko tunanin cutar da kaina ya taɓa zuwa mini. A matsayina na mai aikin lafiya na san darajar irin wannan tantancewa, domin zaunar da mutum shiru da abin da ke cikin zuciyarsa ba wasa ba ne. Duk cibiyar da ta karɓi kuɗinka ba ta yi maka waɗannan tambayoyi ba, ina ba ka shawara ka nemi wata.

Mu goma sha huɗu ne a ajin, maza biyar, mata tara. Akwai direban bas, da malamar firamare, da wani dattijo da ya yi ritaya yana fama da ciwon baya, da wata matashiya mai jinyar mahaifiyarta a gida. Ni kaɗai ce mai hijabi. A daren farko, bayan kowa ya faɗi sunansa da abin da ya kawo shi, malamar ta zaga ta ajiye wa kowa ƙwayar zabibi ɗaya a tafin hannu, ta ce mu dube shi kamar ba mu taɓa ganin irinsa ba, mu murza shi, mu shinshina, mu ɗora shi a harshe ba tare da mun tauna ba, sai can daga baya mu tauna a hankali mu lura da lokacin da sha'awar haɗiyewa ta taso. Raina ya ɗan sosu, domin na baro yara da tulin wanki a gida na zo ana ɓata mini minti goma a kan zabibi ɗaya. Amma da na tauna sai zaƙin ya cika mini baki yadda ban taɓa ji ba, kuma a nan take na tuna cewa abincin da na ci da rana a tsaye na ci shi, ina duba waya, ban ma san ɗanɗanonsa ba. Darasin ke nan gaba ɗaya, kuma malamar ba ta yi mana wa'azi a kai ba, ta bar mu ne muka faɗa da bakinmu.

Mako biyu na farko an kashe su ne a kan bin jiki da hankali gaɓa-gaɓa. Mutum zai kwanta rigingine, ya fara daga yatsun ƙafar hagu, ya riƙa hawa sannu a hankali har ya kai tsakar ka, yana lura da duk abin da ya ji, ko zafi ne, ko sanyi, ko tsami, ko ma rashin jin komai, ba tare da ya yi ƙoƙarin gyara shi ba. Daga nan aka shiga zama ana bin numfashi, aka ƙara da miƙe jiki irin na yoga mai sauƙi, da tafiya a hankali ana lura da kowane taku. Umarnin da ke ƙarƙashinsu duka guda ɗaya ne: hankalinka zai gudu, idan ka lura ya gudu ka dawo da shi ba tare da ka tsine wa kanka ba. Na daɗe ina zaton manufar ita ce a share tunani daga kai har ya zama fayau, kuma da wannan zaton nake auna kaina ina ganin na kasa. Sai a mako na uku na gane cewa dawo da hankalin shi ne aikin kansa, guduwar kuwa ɗabi'ar zuciya ce da ba ta barin kowa.

Aikin gidan shi ne ƙashin bayan kwas ɗin, shi ne kuma inda ya fi wahala. Minti 45 a kullum ga mai aikin dare da 'ya'ya biyu ba ƙaramin abu ba ne. A makon farko sau biyu kawai na yi, kuma duka biyun barci ya kwashe ni kafin in kai gwiwa. Na tafi zama na biyu cike da kunya, na shirya uzurin da zan bayar, sai direban bas ɗin nan ya riga ni magana, ya ce shi sau ɗaya ya gwada, kuma tun daga farko har ƙarshe lissafin bashin da ke kansa yake yi. Dattijon ya ce shi ciwon bayansa ma ƙaruwa ya yi da ya mai da hankali a kansa. Malamar firamaren ta ce ita kuka ta kama yi ba ta san dalili ba. Babu wanda ya zo da labarin nasara, kuma wani nauyi ya sauka daga ƙirjina wanda babu wata manhajar waya da za ta iya sauke mini shi.

A nan ne hukuncina a kan wannan hidima ya ta'allaƙa. Dabarun da aka koya mana ba sirri ba ne, suna nan kyauta a intanet, kuma kafin in shiga ajin na sauke manhajoji biyu a wayata, kowace na yi kwana uku ko huɗu da ita na watsar. Abin da kuɗina ya saya mini shi ne mutanen da ke cikin ɗakin da kuma malamar da ta iya tafiyar da su. Bayan kowane atisaye akwai lokacin tattaunawa, kuma salon tambayarta ya bambanta da duk abin da na saba da shi. Idan mutum ya ce ransa ya ɓaci, ba ta tambayarsa wa ya ɓata masa rai, ba ta kuma ba shi haƙuri. Cewa take yi: a wane sashe na jikinka ka ji shi, yaya yake, ya tsaya wuri ɗaya ko yana motsi, me ya biyo baya? Ta kafa mana doka tun farko cewa kada wani ya ba wani shawara, kada kuma abin da aka faɗa a ɗakin ya fita waje. A wurinmu idan mutum ya kawo kukansa, kafin ya rufe baki an ce masa ya yi haƙuri, wannan kuma alheri ne da nake alfahari da shi, amma sai a ajin nan na gane cewa wani lokaci saurin ba da haƙuri yakan rufe bakin mai magana tun bai gama jin abin da ke damunsa ba. Idan kuma ka ji mutum goma sha uku, waɗanda ba ku haɗa ƙasa ko addini ko sana'a ba, suna bayyana irin azabar da zukatansu ke gana musu da tsakar dare, kuma kusan kalmominsu ɗaya da naka, sai ka daina ɗaukar abin a matsayin gazawarka kai kaɗai. Ban da haka, sanin cewa ranar Talata za a tambaye ni yadda makon ya kasance shi ya riƙa tayar da ni in shimfiɗa tabarma a ranakun da ba na so.

A tsakiyar kwas ɗin aka ba mu takarda mu riƙa rubuta abu ɗaya mara daɗi da ya same mu a kowace rana, tare da abin da jiki ya yi a lokacin, da tunanin da ya zo. Malamar ta yi bayanin abin da na riga na karanta a makarantar jinya: idan ƙwaƙwalwa ta hango haɗari, ƙullutun da ke saman ƙoda sukan saki sinadaran adirinalin da kotisol, bugun zuciya ya ƙaru, numfashi ya gajarce, tsokoki su ɗaure, jiki ya shirya wa faɗa ko gudu, kuma jiki ba ya bambance haɗarin gaske da wanda tunani ya zana. Na san wannan a takarda shekara da shekaru, amma ban taɓa kama shi yana faruwa a jikina ba sai da takardar nan ta tilasta mini dubawa. Na gano cewa ni daga muƙamuƙi abin yake farawa, sannan kafaɗu su ɗaga, sannan magana mai kaifi ta fito. A mako na biyar, da misalin ƙarfe 3 na dare, ƙararrawa uku suna kuka lokaci ɗaya, wani majinyaci ya daka mini tsawa saboda maganinsa ya makara. Na ji muƙamuƙina ya ɗaure, na lura da shi, na ja numfashi sau biyu ina jin tafin ƙafata a ƙasa, sannan na amsa masa. Tazarar ba ta wuce daƙiƙa biyar ba, amma amsar da ta fito ba irin wadda na saba bayarwa ba ce, kuma da na koma gida ban kwana ina bitarta ba.

Tambayar da na san mai karatu Musulmi yana riƙe da ita tun daga farkon wannan rubutu, wato ko wannan horo ya halatta ga Musulmi, ni ma da ita na shiga ajin. Gaskiya ne cewa tushen waɗannan dabaru yana cikin addinin Buda, kuma shi wanda ya kafa tsarin a wurin malaman wannan addini ya koya, sannan ya cire musu rigar ibada ya kai su asibiti. Kafin in biya kuɗi na kira yayana, wanda ya fi ni karatun addini nesa ba kusa ba, na ce masa, "Yaya, ga abin da nake son shiga, amma zuciyata ba ta kwanta ba." Ya tambaye ni ko ana kiran wani suna ana maimaitawa, ko ana rusuna wa wani abu, ko ana koyar da wata aƙida game da rai da makoma. Ya ce in je in gani da idona, duk ranar da na ga ɗaya daga cikin waɗannan in tashi in fita. Ban ga ko ɗaya ba a mako takwas ɗin. Akwai wata 'yar ƙararrawa da ake kaɗawa a farko da ƙarshen zama, aikinta nuna lokaci ne kawai. Wannan shaidar abin da na gani ce a aji ɗaya, ba fatawa ba ce, kuma wanda zuciyarsa ba ta natsu ba ya kamata ya tambayi malaminsa. Abin da ban yi tsammani ba shi ne tasirin da abin ya yi wa sallata. Shekaru na yi ina idar da raka'a huɗu ban san surar da na karanta ba, kuma horon nan na kama hankali idan ya gudu a dawo da shi ya bi ni har kan darduma. Ba na haɗa su a mizani ɗaya, domin khushu'i tsayuwa ce a gaban Ubangiji, wannan kuwa motsa jiki ne na hankali, amma na ga ɗayan ya yi wa ɗayan hidima.

Akwai abubuwan da ban ji daɗinsu ba, kuma wasu daga cikinsu da ɗan tunani kaɗan da an kauce musu. Kwanciya rigingine da miƙe jiki a ɗaki ɗaya da maza ya takura ni matuƙa, kuma babu wanda ya ambata mini wannan a hirar waya. Na yi wa malamar magana bayan zaman farko, ta ba ni haƙuri, ta ware mini lungu a bayan ɗakin, ta ce zan iya yin atisayen a zaune a kan kujera. Ta kyauta, amma bai kamata sai na roƙa ba, kuma cibiyar da ke unguwa mai yawan Musulmi ya dace ta buɗe ajin mata zalla ko da sau ɗaya ne a shekara. Yinin shiru ma haka aka yi. An sa shi ranar Asabar a ƙarshen Nuwamba, daga 10 na safe zuwa 5 na yamma, lokacin da rana ke faɗuwa kafin ƙarfe 4 a wannan yanki, wato Azahar da La'asar da Magariba duk sun faɗo cikinsa, kuma jadawalin bai bar gurbi ko ɗaya ba in ban da na cin abinci. Sau uku ina sulalewa zuwa wani ɗakin ajiye kujeru in yi salla. Ɗakin ajin kansa sanyi gare shi, sautin da aka ba mu na aikin gida kuma an naɗe shi ne a wurin da ake jin wucewar motoci.

Wata mata da mijinta ya rasu shekara biyu da suka wuce ta bar ajin a mako na huɗu, bayan wani zama da numfashinta ya sarƙe ta fita da sauri. Malamar ta bi ta waje, daga baya kuma ta shaida mana, da izinin matar, cewa ta haɗa ta da mai ba da shawara kan jimamin rashi. Na yaba da yadda ta yi, amma abin ya nuna mini cewa ko tantancewa ba ta kama komai, kuma zama shiru yana iya tono abin da mutum bai shirya fuskanta ba.

Babban saɓanina da kwas ɗin ya fi waɗannan zurfi. Sau da yawa ana magana kamar damuwa abu ce da ke zaune a cikin kan mutum kawai. Ni kuwa abin da ke gajiyar da ni sananne ne: majinyata sun fi ƙarfin hannayen da ke ɗakin, ga kuɗin haya, ga 'yan'uwa a gida da ke jiran abin da zan aika. Da na faɗi haka a aji, malamar ta amsa da gaskiya cewa kwas ɗin ba zai ƙara ma'aikaci ko ɗaya a ɗakinmu ba, sai dai ya taimaka mini in ga halin da nake ciki sarai in yanke shawara da natsuwa. Na karɓi amsar, kuma da natsuwar ce na je na nemi a rage mini darare a jere daga huɗu zuwa uku. Duk da haka ina tsoron ranar da masu ɗaukar aiki za su mai da irin wannan kwas madadin gyara yanayin aiki, su ce wa wanda suka ɗora wa kayan mutum biyu ya je ya koyi numfashi.

Binciken masana ma bai ba da damar cika baki ba. A 2014 masu bincike a Jami'ar Johns Hopkins sun tattara gwaje-gwaje 47 da suka ƙunshi mutum 3,515, suka sami matsakaiciyar hujja cewa irin wannan horo yana rage fargaba da ciwon damuwa da raɗaɗin ciwo, amma ba su sami hujjar cewa ya fi magani ko motsa jiki ba, kuma a kan barci hujjar ba ta isa a yanke hukunci ba. A 2022 wani gwaji da Jami'ar Georgetown ta jagoranta a kan mutum 276 masu ciwon fargaba ya nuna cewa mako takwas na MBSR bai gaza escitalopram, maganin da ake ba masu wannan ciwo, ba. A nan Ingila hukumar NICE, mai tantance hanyoyin jinya, a 2004 ta amince da wani reshe na wannan tsari, MBCT, ga waɗanda ciwon damuwa ya kama su sau uku ko fiye, domin rage yiwuwar dawowarsa. Wannan ya yi daidai da abin da na gani a kaina. Barcina ya ɗan gyaru amma bai koma yadda yake a da ba, abin da ya canza sosai shi ne yadda nake amsa wa mutane, musamman 'ya'yana. Kada wanda likita ya ɗora a kan magani ya ajiye shi saboda ya shiga aji irin wannan.

Zan ba da shawarar wannan kwas ga wanda aiki ko hidimar gida ta cika masa kai har ya fara huce haushinsa a kan na kusa da shi, matuƙar zai iya ware ko da minti ashirin a kullum, domin wanda zai zo ajin kawai ba ya taɓa aikin gida asarar kuɗinsa zai yi. Wanda ke cikin sabon rashi ko ciwon damuwa mai tsanani ya fara ganin likita tukuna. Kafin a biya, a tambayi inda malamin ya sami horo da shekarun da ya yi yana yin abin da kansa, a tambayi yawan mutanen ajin, mace kuma ta tambayi yadda za a yi da kwanciya da lokutan salla tun a waya. Cikin mu goma sha huɗu, goma sha ɗaya ne muka kai ƙarshe, kuma mu bakwai har yanzu muna haɗuwa a Talatar farko ta kowane wata a ɗakin nan mai sanyi, muna karo-karo mu biya kuɗin awa ɗaya. Minti 45 ɗin ban iya riƙe su ba, abin da ya zauna mini shi ne minti goma sha biyar bayan sallar Asuba a ranakun da ba ni da aikin dare.